Ciyawar Kacala da Sauyin Hanyar Ruwa a Kogin Haɗejiya

Wannan sashe zai yi ƙoƙarin bayyana yadda ciyawar kacala ta sauya wa Kogin Haɗejiya hanya, da kuma abin da hakan ya jawo wa mazauna fadamun Haɗejiya da Nguru.

Kafin shekarar 1974, kogin yana tafiya ne da yanayin shekara. Da damina yakan cika ya malala cikin fadamu, da rani kuwa ya janye har gadonsa ya bushe a wurare da dama. Wannan bushewa ita ke taka wa kacala burki, domin ciyawa ce mai son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa.

Al'amarin ya sauya ne bayan an kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, da kuma ta Calawa a 1992. Waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. Da aka fara sakin ruwa rani da damina, sai kacala ta sami wurin zama. Idan ta yi kauri, kararenta kan rage wa ruwa gudu, sai lakar da ya ɗauko ta kwanta a gindinta. Da haka gadon kogi ke cikewa, zurfinsa ya ragu, ita kuma ta ƙara samun inda za ta yaɗu. Watau ciyawa na tara laka, laka kuma na raya ciyawa.

Ta wannan hanya ce tsohon Kogin Haɗejiya da reshen Burum Gana suka toshe, mafi yawan ruwan ya karkata zuwa reshen Marma mai zuba a Tafkin Nguru. Gonakin da ke gefen Marma suka nutse, alhali ruwan da ke gangarawa zuwa Gashuwa ya ragu. Bugu da ƙari, masunta suka rasa hanyar kwalekwale, tsuntsayen jan-baki kuma suka sami maɓoya a cikin kacala, suna ɓarnata shinkafa da gero.

A taƙaice, kacala ba ita ta fara wannan sauyi ba. Madatsun ruwa ne suka buɗe mata ƙofa. Saboda haka, yanke ta kaɗai ba zai wadatar ba, muddin ba a gyara tsarin sakin ruwa daga madatsun ba.