Fotogram

Fotogram wani nau'in hoto ne da ake yi ba tare da kyamara ba. Ana ɗora abubuwa kai tsaye a kan takardar hoto mai kama haske, sannan a haska ta na ɗan lokaci a cikin ɗaki mai duhu. Idan aka wanke takardar da sinadarai, inda haske ya taɓa ya yi baƙi, inda abu ya tare haske ya fito fari, inda haske ya ratsa gilashi ko yadi mai shara-shara kuma ya yi launin toka. A farkon ƙarni na 20 ne masu zane na Turai suka mayar da wannan dabara fanni na fasaha.

Asali

Dabarar ta tsufa kamar ɗaukar hoto kansa. A shekarun 1830, William Henry Fox Talbot na Ingila yana ɗora ganyaye da leshi a kan takarda mai sinadarin azurfa. A 1843, Anna Atkins ta fara fitar da littafi a kan ciyawar teku ta Birtaniya mai ɗauke da shuɗɗan hotuna da ta yi ta wannan hanya. A wancan zamani manufar ita ce adana siffar abu saboda ilimi.

Masu gwaji na ƙarni na 20

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, masu fasaha na tafiyar Dada sun bijire wa tsofaffin ƙa'idojin zane. Christian Schad, ɗan Jamus mazaunin Geneva, ya yi hotuna a 1919 da guntayen takarda da tsumma da ya tsinta. Tristan Tzara ne ya raɗa musu suna Schadograph.

Man Ray, Ba'amurke da ya koma Paris a 1921, ya kira nasa hotunan Rayograph. Ya yi amfani da kayan yau da kullum kamar mataji, mabuɗi da waya. A 1922 ya fitar da kundin Champs délicieux mai hotuna 12, Tzara kuma ya rubuta gabatarwarsa. A fim ɗinsa na 1923, Le Retour à la raison, ya barbaɗa gishiri da barkono a kan fim, ya kuma ɗora allurai da ƙusoshi.

László Moholy-Nagy, ɗan Hungari, ya fara nasa gwajin a Berlin a 1922 tare da matarsa Lucia Moholy. Ya koyar a makarantar Bauhaus daga 1923 zuwa 1928, shi ne kuma ya yayata kalmar fotogram. A ganinsa, haske shi ne kayan aikin mai fasaha, kamar yadda fenti yake ga mai zane.

Matsayinsa a fasaha

An daɗe ana jayayya ko hoto fasaha ne, tunda wasu na ganin na'ura ce ke yin aikin. Fotogram ya raunana wannan hujja, domin babu na'urar da ta shiga tsakani. Mai aikin ne ke zaɓen abubuwan, ya tsara su, ya yanke daga ina haske zai zo da tsawon lokacinsa. Kuma da yake babu fim ɗin da za a sake wankewa, kowane fotogram na asali guda ɗaya ne tak.

Mai kallo yakan fi amfana idan ya lura da yadda fari da baƙi suka daidaita, da kaifin gefen abin da ya kwanta a kan takarda, da dishi-dishin abin da ya ɗan yi nesa da ita. Sau da yawa abin da aka saba gani yakan rikiɗe ya zama siffar da ba a gane ta nan take, kuma wannan na daga cikin abin da masu aikin suka nema. Ana ajiye ayyukansu a gidajen tarihi irin su MoMA a New York da Cibiyar Pompidou a Paris.