Waiwaye a Kan Tarihin Hanyoyin Nazarin Zamantakewa

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ke shirin karatun digiri na biyu ko na uku a fannin nazarin zamantakewa yakan fara ne da koyon tsara takardar tambayoyi da lissafin sakamako. Sai dai ba kasafai akan koya masa asalin waɗannan hanyoyi ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta waiwayi wannan tarihi a taƙaice, domin waiwaye adon tafiya ne.

2.0 Tushen Hanyoyin

Manyan hanyoyin guda biyu ne. Ta farko ita ce ta ƙididdiga. A shekarar 1886 Charles Booth ya soma binciken talaucin birnin Landan unguwa-unguwa, inda ya gano cewa kimanin kashi 30 cikin ɗari na mazauna birnin matalauta ne. Ta biyu kuwa ita ce ta zama cikin jama'a. Bronislaw Malinowski ya zauna a tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918, ya koyi harshen mutanen har ya daina dogaro da tafinta, ya kuma wallafa sakamakon aikinsa a 1922.

3.0 Gwajinsu a Kan Hausawa

Tsakanin 1949 da 1950 M. G. Smith, mutumin Jamaika, ya yi bincike a ƙasar Zazzau. Kasancewarsa namiji, ba shi da ikon shiga wurin matan kulle. Matarsa Mary, wadda ta iya Hausa, ita ce ta zauna da wata dattijuwa a Giwa, tana rubuta labarinta da Hausa kamar yadda yake fitowa daga bakinta. Wannan hira ce ta zama littafin Baba of Karo a 1954. Ba don Mary ba, da bayanin aure da kishi da ƙawance daga bakin mace ya kuɓuce wa binciken.

Haka kuma Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan daga 1962 zuwa 1963, ya nuna yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta ɗaure fataucin goro da shanu a hannun Hausawan unguwar. Ita kuwa Polly Hill ta haɗa hanyoyin biyu a Batagarawa ta ƙasar Katsina a 1967. Ta ƙidaya gonaki gida-gida, ta kuma saurari manoma, sai ta tarar da babbar tazara tsakanin mai hali da talaka, saɓanin zaton da ake yi cewa manoman karkara duk ɗaya suke.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa amsar da manazarci ke samu ta danganta ne da harshen da ya yi tambaya da shi, da tsawon zamansa, da kuma ƙofar da aka yarda ya shiga. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya naƙalci harshen al'ummar da zai nazarta tun kafin ya tsara tambaya ta farko, ya kuma tantance waɗanda ba zai iya kaiwa gare su ba, da wanda zai kai masa.