Jitar Bas ta Fender: Yadda Zubi Ɗaya Ya Rabu Gida-gida

Jitar bas mai aiki da lantarki ta shiga kasuwa sosai a shekarar 1951, lokacin da Leo Fender ya fitar da Precision Bass daga masana'antarsa da ke Fullerton a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ba shi ne ya fara ba. Paul Tutmarc na birnin Seattle ya ƙera irinta tun cikin shekarun 1930, amma ba ta samu kasuwa ba. Kafin 1951, mai ba da amon ƙasa a ƙungiyar kiɗa yana fama ne da wani ƙaton goge na Turawa mai tsayin mutum, ga wuyar ɗauka, ga shi ganguna da ƙahoni suna danne muryarsa. Fender ya mayar da shi abin ratayawa a kafaɗa, mai tsirkiya huɗu, tsawon kowace inci 34 daga gada zuwa kan wuya. Ya kuma jera ƙananan ƙarafa a gicciye a wuyan domin yatsa ya faɗa daidai kan sautin da ake nema, kuma daga wannan daidaito sunan Precision ya samo asali. A 1960 aka ƙaro Jazz Bass, mai siririn wuya da maganaɗisun ɗaukar sauti guda biyu.

Leo Fender mai gyaran rediyo ne, bai iya kaɗa jita ba, kuma tunaninsa na masana'anta ne. Ana yanke gangar jikin daga katako, a yi wuyan daban, sannan a haɗa su da sukurori huɗu. In wuya ya lalace, a kwance a sa wani. Wannan sauƙi shi ya sa daga baya aka iya yin zubi ɗaya a ƙasashe da yawa a kan farashi mabambanta.

A farkon 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13. Yawan kayan da ake fitarwa ya ƙaru ƙwarai, amma makaɗa suka soma ƙorafi: fenti ya yi kauri, wasu jitocin shekarun 1970 sun yi nauyin da ke gajiyar da kafaɗa, ramin da wuya ke zama bai cika matsewa ba. Daga nan aka soma raba kaya biyu, na kafin CBS da na bayansa, farashin tsofaffin ya yi ta hawa. Akwai dalilin da ya wuce katako. James Jamerson, wanda ya kaɗa bas a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown, Precision ta 1962 ya riƙe, makaɗi Jaco Pastorius kuma Jazz Bass ta wannan shekarar, wadda aka cire wa ƙarafan wuya. Mai sayen tsohuwar jita rabin kuɗinsa na wannan tarihi ne.

Ana cikin haka kamfanonin Japan irin su Tokai da Greco suka shiga kwaikwayon tsofaffin samfuran, kuma sau da yawa nasu ya fi na Fullerton na wancan zamani kyan aiki, ga araha. Da kamfanin Fender ya ga ba zai iya tare su ba, sai ya haɗa kai da dillalan Japan biyu, Kanda Shokai da Yamano, aka kafa Fender Japan a 1982, masana'antar FujiGen ta garin Matsumoto ta ɗauki aikin. A shekarar ce aka farfaɗo da sunan Squier domin kaya masu sauƙin kuɗi. Nan ne asalin rabuwar gida: suna ɗaya, siffa ɗaya, masana'anta daban.

A 1985 William Schultz da abokan aikinsa suka sayi kamfanin daga hannun CBS a kan dala miliyan 12.5, amma ginin Fullerton bai shiga cinikin ba. Na ɗan lokaci, yawancin kayan da ke ɗauke da sunan Fender daga Japan suke fitowa, har aka tayar da sabuwar masana'anta a garin Corona na Kalifoniya. A 1987 abubuwa biyu suka faru: an buɗe reshe a Ensenada ta ƙasar Meziko, tafiyar 'yan awanni a mota daga Corona, an kuma kafa Custom Shop, inda John Page da Michael Stevens suka fara aikin oda.

Tun daga lokacin ajin kaya ya zauna. Squier na ƙasa, ana yin sa galibi a Sin da Indonesiya. Na Meziko na tsakiya, wanda a 2018 aka sa wa suna Player. Sai na Corona, wanda shi ma ya kasu: American Professional, da ya gaji American Standard a 2017, ya riƙe tsohon tsari da ɗan gyara, American Ultra na 2019 kuwa yana da ƙaramar da'irar ƙara ƙarfin sauti mai aiki da batir a cikin jikinsa da wuyan da aka fafe don hannu ya kai can sama. Custom Shop na ƙoli, kuma ko can akwai wadda ayarin ma'aikata ya haɗa, akwai wadda gwani ɗaya ya yi tun daga zaɓen katako har sa hannu a bayan kanta.

Mene ne ainihin bambancin, tunda injin da kwamfuta ke sarrafawa ne ke yanke katako kusan a ko'ina? Mafi yawansa lokacin hannu ne. A babban aji ana tace katako don a samu marar nauyi, ana haɗa gangar jiki daga gutsure biyu maimakon da yawa, ana goge bakin kowane ƙarfen wuya har yatsa ya daina jin kaifinsa, wasu maganaɗisun kuma da hannu ake naɗa musu waya. Fentin ma daban: na tsohon yayi siriri ne, yana tsagewa yana goguwa da shekaru, na zamani kuwa mai tauri ne kamar gilashi. Ko fenti na canja sauti, wannan muhawara ce da makaɗa ba su gama ba. Abin da ba a musu a kai shi ne tazarar farashi ta fi tazarar sauti nisa, musamman in an haɗa jitar da ganguna a ɗakin ɗaukar waƙa. Abin dariyar shi ne tun 1995 Custom Shop ke sayar da samfurin Relic, sabuwar jita da aka ƙuje, aka tsofar da ita da gangan, kuma kuɗinta ya fi na mai sheƙi.

Dokar ƙasa da ƙasa ma ta taɓa shiga tsakani. Da aka tsaurara cinikin katakon roswud a 2017, Fender ya koma sa wani katako mai suna pau ferro a fuskar wuyan jitocin Meziko, ya bar roswud ga na Amurka. An sassauta dokar ga kayan kiɗa a 2019.

Sauran masu ƙera bas na alfarma sun bi sawun Fender na raba kaya aji-aji, har da waɗanda suka taso da aikin hannu zalla. Music Man, inda Leo Fender ya sa hannu a ƙirar StingRay ta 1976, ya koma mallakar kamfanin Ernie Ball a 1984. Ana yin manyan kayansa a San Luis Obispo, masu araha kuma da sunan Sterling a Asiya. Warwick ta Jamus tana da aikin gwani ɗaya da na ayari a Markneukirchen, ga RockBass daga Sin. Roger Sadowsky, wanda ya yi suna da gyaran Jazz Bass ɗin makaɗi Marcus Miller a New York, ya daɗe yana da reshen Metro a Tokyo, kafin a 2020 ya miƙa wa Warwick lasisin yin wannan aji a Jamus, shi kuma ya ci gaba da aikin oda a shagonsa na New York.