Jamusanci a Sokode da Dapaong, Jiya da Yau

Shekara 30 Jamusawa suka yi suna mulkin Togo, daga 1884 zuwa Agustan 1914 da suka miƙa wuya a Kamina, amma harshensu bai zauna a bakin mutanen arewacin ƙasar ba. Sai a 1898 Dokta Kersting ya kafa bariki a Sokode. Dapaong kuwa daga Sansanne Mango ake juya ta. Makarantun mishan suna can kudu, ta gwamnati kuma ba a buɗe ta a Sokode ba sai 1912, saura shekara biyu su tattara nasu ya nasu. Abin da talaka ya sani na Bajamushe shi ne aikin tilas a kan hanya, da haraji, da bulala ashirin da biyar.

A lokacin ma su ne suke neman harshenmu na Hausa. Fataken goro sun riga su sanin hanyar Mango, kuma akwai Hausawa cikin sojojinsu. Adam Mischlich ya ɗauki karatu wurin Imam Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, ya kuma fitar da ƙamus na Hausa a 1906.

Akwai labarin da ke sosa mini rai. 'Yan ƙabilar Konkomba sun tashi wa Jamusawa a 1897, kuma har gobe dattawa na cewa an riƙa datse wa samarinsu babban yatsa don kada su ƙara ɗana baka. Labarin nan ne ya faɗo mini da na je Dapaong gaishe da ƙanwata, na tarar da 'yarta a tsakar gida ta baje tafin hannu tana haddar Jamusanci: Daumen babban yatsa, Zeigefinger manuni, Handgelenk wuyan hannu, Fingernagel farce. Ta ce, “Kawu, tambaye ni ka ji.” A makarantar sakandare take koyo, burinta ta ci jarrabawa a cibiyar Goethe-Institut ta Lome, wadda aka buɗe tun 1961, ta tafi aikin jinya a Jamus, inda Kotokolin Sokode da dama suka riga suka zauna.

Ban ga aibin wannan ba ko kaɗan. Babu wanda ya sa ta da bulala. Roƙona ga malaman Jamusanci na Sokode da Dapaong shi ne, su riƙa haɗa wa yaran nan da tarihin Kersting da Konkomba da Imam Umaru, kafin su nemi biza.