Dutsen Fanisau: Ribaɗin Sarki Dabo a Arewacin Birnin Kano

Garin Fanisau, wanda wasu ke rubutawa Panisau, yana cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano. Yana arewa da birni, bayan Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano, a tsakiyar gonaki da ƙauyuka masu kusa da juna. Yawancin baƙinmu Dutsen Dala da Goron Dutse suka sani, amma muna ganin wanda ke son fahimtar yadda aka tsare Kano a ƙarni na 19 sai ya taka zuwa Fanisau.

Sunan wurin ya girmi sarautar Bagauda. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa manyan da ke zaune a gindin duwatsun wannan ƙasa a zamanin Barbushe, ya kuma ambaci Gambarjado ɗan Nisau a matsayin mutumin Fanisau. Ke nan tun kafin a yi ganuwa, mutane sun san amfanin zama kusa da dutse a ƙasar da take shimfiɗe kamar faifai.

Sai dai darajar Fanisau ta fuskar yaƙi ta fito ne bayan jihadi. Lokacin da Sarki Sulaimanu ya rasu a 1819, aka naɗa Malam Ibrahim Dabo, manyan Fulani da dama suka ƙi yi masa mubaya'a. Mafi ƙarfi a cikinsu shi ne Ɗan Tunku, wanda ya taimaki jama'ar Shehu a lokacin jihadi, yake kuma riƙe da ƙasar Dambatta. Hare-harensa daga arewa suke zuwa, kuma tsakanin Dambatta da birni babu babban kogi ko dajin da zai tare mahaya. Saboda haka Sarki Dabo ya mayar da Fanisau ribaɗi, wato garin tsaro mai ganuwa inda ake zaunar da mayaƙa da iyalansu a bakin daga. Wannan ya dace da manufar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya umarci sarakuna da kafa ribaɗoɗi, shi kansa kuma ya zauna a nasa ribaɗin na Wurno.

Wanda ya hau dutsen da safe zai gane dalilin zaɓen wurin ba tare da an yi masa dogon bayani ba. Yaƙin wancan zamani na rani ne, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da ƙasa ta bushe, dawaki ke iya ratsa ko'ina. Rundunar mahaya ba ta iya ɓoye ƙurarta. Mai gadi a kan dutse yana hango ta tun tana nesa, a buga ganga, manoma su koro dabbobinsu cikin ganuwa, a kuma tashi mahayi ya kai labari birni. Abin da ake nema shi ne ɗan lokacin da za a ɗaura sirdi a rufe ƙofa, domin maharan ba zama suke zuwa yi ba, kwasar mutane da shanu suke yi su juya.

Baturen Birtaniya mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya iso Kano a watan Janairu na 1824, ya tarar Sarki ba ya cikin birni, yana sansani saboda wannan yaƙi, kuma sunan Fanisau ya fito a rubuce-rubucensa. Daga bisani Sakkwato ta raba gardamar, aka amince wa Ɗan Tunku da masarautarsa ta Kazaure, wadda take cikin Jihar Jigawa tun 1991. Sarki Dabo ya ci gaba da mulki har 1846. Ko bayansa arewacin Kano bai rabu da fargaba ba, domin a zamanin Sarki Alu, daga 1894 zuwa 1903, rundunar Damagaram ta riƙa kawo hari ta wannan ɓangare.

Akwai wani gefen tarihin da ba kasafai ake faɗa wa baƙi ba, mu kuwa muna ganin bai kamata a tsallake shi ba. Ribaɗi yana bukatar abinci, ga mutane ga dawaki. Saboda haka aka buɗe gandun sarki da gandayen manyan fadawa a kewayen garin, kuma bayi ne suka noma su, akasarinsu waɗanda aka kamo a yaƙi. Masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya wallafa littafi sukutum a kan Fanisau a 2011, inda ya nuna yadda sansanin tsaro ya rikiɗe ya zama babban wurin noman gandu. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, aikin gadi ya ƙare, amma gandayen suka ci gaba, har suka shiga noman gyaɗa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Sai a 1936 doka ta soke bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya. Muna roƙon mai ziyara ya yi tambayoyinsa a kan wannan batu da ladabi, domin magana ce da ta shafi kakannin mutanen da ke raye.

Abin da ido ke gani daga sama a yau shi ne irin noman da ya sa masana suka yi ta nazarin karkarar Kano: gona na manne da gona, ana nomawa kowace shekara ba a barin saura, ana ciyar da ƙasa da taki, ga kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo an bar su a tsaye cikin gero da dawa. Ta kudu kuwa gine-ginen birni suna ta matsowa, gonaki na komawa filotai. Ungogo tana cikin ƙananan hukumomin da birni ke haɗiyewa, kuma shimfiɗar da mai gadi ke dubawa a da tana raguwa a idonmu.

Har ila yau akwai gidan sarki a garin, kuma bisa al'ada nan ne Mai Martaba Sarkin Kano ke fita Hawan Fanisau a ƙarshen bukukuwan Babbar Sallah, kamar yadda ake Hawan Ɗorayi a Ƙaramar Sallah. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

Ga masu niyyar zuwa, lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina zuwa farkon kaka, kafin hazon hunturu ya rufe sararin sama. A fara da gaida dagaci ko mai unguwa, shi zai haɗa baƙo da wanda ya san hanyar hawa. A sa takalmi mai riƙe dutse, a riƙe ruwan sha, kada a ratsa cikin shuka, kada kuma a ɗauki hoton mata ko cikin gidaje ba da izini ba. Kasancewar filin jirgin sama yana kusa, a guji juya kyamara ta wannan ɓangare. Makarantu da ƙungiyoyi masu son zuwa a ayari za su iya fara tuntuɓar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, su kuma biya ta gidan tarihi na Gidan Makama, inda aka ajiye irin makamai da kayan dokin da mayaƙan wancan zamani suka yi amfani da su.