Yadda Jamusawa su ka juya wa Shell baya a 1995

Kamfanin Shell ya na da wani ƙaton rumbun ajiyar ɗanyen mai a Tekun Arewa, mai suna Brent Spar. Da rumbun ya gama amfani, sai gwamnatin Birtaniya ta ba kamfanin izinin nutsar da shi a tekun Atlantika. Ran 30 ga Afrilu, 1995, 'yan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace su ka haye kansa, su ka ce ba za ta saɓu ba.

Hotunan yadda ake fesa masu ruwa, kai ka ce fim ne, su su ka harzuƙa masu kallon talbijin a Jamus. Direbobi su ka daina shan mai a gidajen Shell, su na wucewa gaba. Ciniki ya faɗi warwas, har wasu 'yan ta-kife su ka cinna wa wani gidan mai wuta a Hamburg.

To amma fa, mai karatu, akasarin masu riƙe da gidajen man nan 'yan haya ne, ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Aljihun su ne ya fara jin jiki, tun kafin zafin ya isa ofishin kamfanin a Landan.

Shugaban gwamnatin Jamus, Helmut Kohl, da kan sa ya tunkari Firayim Minista John Major da maganar. Ran 20 ga Yuni Shell ya janye. A watan Satumba kuma Greenpeace ta nemi afuwa, domin ta zuzuta yawan man da ya rage a rumbun. Daga baya aka yayyanka shi a Norway, aka yi ginin tashar jiragen ruwa da shi.