Daga Cikin Ganuwa Zuwa Wusasa: Tarihin Tarukan Ɗalibai Kirista a Zariya

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya, mu leƙa wani ɓangare na tarihin Zazzau da ba kasafai ake kawo shi a adabinmu ba. Duk wanda ya yi makarantar kwana ta gwamnati a Zariya, zai tuna cewa ran Lahadi da yamma akan ji kiɗa da waƙoƙin yabo suna tashi daga wani aji, yayin da 'yan MSS ke nasu karatun a masallaci. Waɗancan masu waƙa su ne 'yan FCS, wato Zumuntar Ɗalibai Kirista. To daga ina abin ya samo asali?

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a cikin ganuwar birnin Zariya aka fara tara yara 'yan makaranta ana koya musu addinin Kirista da harshen Hausa. A shekarar 1900 wata tawagar mishan ta CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ta isa Kano, Sarki Alu ya sallame su, suka dawo suka yada zango a Girku cikin ƙasar Zazzau. A cikinsu akwai wani likita Bature, Dokta Walter Miller, wanda a 1905 ya samu wuri ya zauna a cikin birni, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi bai yi na'am da wannan baƙo ba, kuma manyan gari ba su saki jiki sun ba shi 'ya'yansu ba. Yawancin yaran da ya samu daga baya 'ya'yan Isawa ne, wato mabiyan wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda irin matsayin da ya ba Annabi Isa a wa'azinsa.

Salon Miller na raino ne: yaro ya zauna a gabansa, ya ci, ya yi karatu, ya yi addu'a safe da yamma, shekara da shekaru. Wannan shi ne abin da Kirista ke kira almajiranci, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan zama na malami da ɗalibi. Sai dai zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi bai daina jawo ƙorafi ba, har a 1929, zamanin Sarki Ibrahim, aka mayar da ita Wusasa, bayan ganuwa, kusa da dutsen Kufena. Can aka gina cocin St. Bartholomew da asibiti da makaranta. A 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya daɗe yana yi wa hidima.

Ko mu masu son ƙagaggun labarai mun ci moriyar wannan gida, domin John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan can ne. Haka Dokta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon wanda ya tashi a Wusasa kafin ya wuce Kwalejin Barewa.

Amma fa duk wannan tarbiyya ce ta cikin makarantar mishan. Matsalar ta taso ne da makarantun sakandare na gwamnati suka yawaita, yaran Kirista daga Kudancin Zariya da Filato da Binuwai suka riƙa samun kansu a makarantun kwana nesa da iyaye da fastocinsu. Don cike wannan giɓi ne aka kafa FCS a 1957 a Gindiri, cibiyar makarantun mishan ta SUM a ƙasar Filato, shekara uku bayan kafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS a Legas a 1954. Zariya kuwa garin makarantu ce, tun da Barewa ta tare a cikinta a 1949, jami'a ta biyo baya a 1962, don haka ƙungiyar ba ta sha wahalar samun gindin zama ba. Da gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970, har St. Paul ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena, sai nauyin da mishan ke ɗauka ya ƙara komawa wuyan ɗaliban kansu.

Aikin ƙungiyar ƙafa biyu gare shi. Ta farko ita ce ta yau da kullum: taron mako, nazarin Littafi Mai Tsarki rukuni-rukuni, da wani malami mai sa ido a matsayin uban ƙungiya. Ta biyu ita ce gangami, inda makarantu da dama ke haɗuwa wuri guda kwana biyu ko uku, a yi waƙoƙi da wasan kwaikwayo da gasar haddar ayoyi, a gayyato mai wa'azi daga waje, a ƙarshe a kira masu son tuba su fito gaba. Ƙafar farko ba ta da amo, ta biyu kuwa da lasifika take tafiya, kuma lasifika ba ta san iyakar aji ba.

Wannan ne ya fito fili a watan Maris na 1987. 'Yan FCS na Kwalejin Ilimi ta Kafanchan sun shirya gangami, suka gayyato Rabaran Abubakar Bako, wanda a da Musulmi ne. Ɗalibai Musulmi suka zarge shi da karkatar da ma'anar ayoyin Alƙur'ani da taɓa mutuncin Manzon Allah (SAW), gardama ta zama faɗa, faɗa ya fita cikin gari, aka rasa rayuka, aka ƙona masallatai. Cikin 'yan kwanaki wutar ta iso Zariya da Kaduna da Funtuwa, aka ƙona coci-coci masu yawa. Ko da yake ba a makarantar sakandare abin ya faro ba, ɗaliban sakandare sun ɗanɗana kuɗarsa, domin yaran da jiya suke cin tuwo a kwano ɗaya sun wayi gari suna kallon juna da ido daban. Shugaba Babangida ya kwatanta rikicin da yunƙurin juyin mulki na farar hula, aka kafa kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte, amma tabon bai goge da hukunci ba.

Har yau ana yin waɗannan taruka, kuma kamar yadda aka faro tun 1929, a bayan ganuwa suke: Wusasa, Sabon Gari, Samaru. Idan muka auna tarihin nan, za mu ga cewa mutanen da Zariya ke tinƙaho da su daga wannan al'umma, zaman raino na shekaru ne ya samar da su. Gangami kuwa alheri ko sharrinsa na bakin wanda aka miƙa wa lasifika. Wannan gargaɗi bai tsaya kan FCS kaɗai ba, ya shafi MSS da duk mai tara 'ya'yan mutane ya yi musu wa'azi, domin yaron da aka koya wa raina abin da maƙwabcinsa ke girmamawa yana ɗan shekara 15, da wuya ya manta karatun yana ɗan 50.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.